Koyar da Sulhu a Makarantunmu da Garuruwanmu



A wannan biki ana ta tuna mana da ayyukan da aka yi tun sa'ad da masu bishara na fari suka sauka a Damagaram a 1924, da yadda aka buɗe asibitin Galmi a 1950. Mu kuwa an ba mu wani aiki dabam, watau mu yi magana a kan abin da muke koya wa yara game da sulhu. Maganar tana da nauyi, gama ba a kan ƙasa mai nisa za mu yi ta ba.

Da yawa a cikinku kun tuna ran 16 da 17 ga Janairu 2015. Saboda wani zane da wata jarida ta buga a Faransa, aka ƙone majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasa ransu. Ba mu manta ba. Amma ba mu manta kuma da maƙwabta Musulmi waɗanda suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye masu bi a ɗakunansu ba. Yaran da suka ga wuta a ran nan sun zama samari da 'yammata. In ba mu gaya musu labarin ƙofofin nan ba, wutar kaɗai za su riƙe.

To, me muke yi a aji? Dā, in yara biyu sun yi faɗa, malam yakan tsala wa kowa bulala, a ce magana ta ƙare. Mu ma haka aka yi mana, kuma mun san ba ta ƙarewa, sai dai ta koma bayan makaranta. Yanzu mukan zaunar da su a inuwa, tare da manyan 'yan makaranta biyu masu shiga tsakani. Na fari ya faɗi nasa, ba mai katse shi. Kafin na biyu ya ba da amsa, dole ya maimaita abin da ɗan'uwansa ya ce, har shi mai maganar ya yarda haka ya ce. Nan ne wuyar take. Yaro yakan yi sau uku bai iya ba, domin tun farko ba sauraro yake yi ba, amsarsa yake shiryawa. Manya ma haka suke, har da mu masu wa'azi. Bayan wannan sai a tambaya, me aka ɓata, yaya za a gyara? In alƙalami ne aka karya, a biya. Kada a ce wa wanda aka cuta ya yi haƙuri kawai alhali kayansa na hannun wani. Wannan rufe gyambo ne da tsumma.

A garuruwa, rigimar da ta fi ci mana rai ita ce ta manoma da makiyaya. Dattawan ƙasar Maraɗi sun san abin da ya faru a Toda a 1991, inda aka kashe Fulani fiye da 100, galibinsu mata da yara, a kan rikicin gona da dabbobi. A 1993 gwamnati ta kafa dokar ƙasar noma da kiwo, aka kuma sa kwamitocin da ke shata burtali da mashaya. Sarakuna da masu gari suna da ikon sasantawa. Aikinmu ba ƙwace nasu ba ne. Mu dai mu koya wa mutanenmu su kai ƙara wurinsu tun shanu ba su yi nisa ba, a je gonar tare a ƙiyasta ɓarna, kuma manomi mai bi kada ya nome burtali. Mukan karanta musu labarin Ibrahim da Lutu a Farawa sura 13, inda makiyayansu suka yi gardama a kan makiyaya, babban kuwa shi ya bar wa ƙaramin zaɓi.

Kakanninmu ma sun bar mana kayan aiki. Wasan da ke tsakanin Bagobiri da Bazabarme, ko Bafillace da Babarbare, ya kashe faɗa da yawa a kasuwa kafin ya kai gaban alƙali. A 2014 hukumar UNESCO ta sa shi cikin gādon duniya da sunan Nijar. Kada yaranmu su raina shi don sun yi karatu.

Roƙonmu ga kowace ekklesiya shi ne ta ware mutum biyu, namiji da mace, waɗanda gari ya san ba su da tsegumi, mu zauna da su kafin kaka, gama lokacin ne shanu ke gangarowa daga arewa alhali gero bai gama shiga rumbu ba. Ku kuma gaya wa mai gari da limamin unguwarku tun yanzu, su ma su aiko da nasu.