Ka Ja Numfashi Tukuna

Yau zancenmu a kan numfashi ne, abin da kowa yake yi tun ranar da aka haife shi, amma ba kowa ke lura da shi ba.

Babban mutum mai lafiya, in yana zaune, yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. To, bari a koro yaro gida saboda kuɗin makaranta, ko mai gidan haya ya ƙwanƙwasa ƙofa, ko ruwa ya ɗauke bayan an yi shuka. Nan take numfashi ya gajarce, ya tsaya a ƙirji, gaba yana faɗuwa, kafaɗu su ɗaure. Likitoci sun bayyana cewa wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi da ke bisa ƙoda ne suke zuba wani sinadari, adirenalin, cikin jini, domin jiki ya yi shirin gudu ko faɗa. Shirin nan yana da amfani in kububuwa ka gani a gona. Amma bashi ba ka iya tsere masa, ba ka iya sa masa sanda. Sai jiki ya kwana a shirye, ya tashi a shirye, sandar kuwa ta sauka a kan matarka ko 'ya'yanka ta wurin baƙar magana.

Ɗan'uwana, ba ka da ikon ce wa zuciyarka ta rage gudu. Amma numfashi, an bar linzaminsa a hannunka. Akwai wata jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa, ta bi ta wuya, ta kai zuciya da ciki. Sa'ad da kake fitar da iska a hankali, ita ce take sa bugun zuciya ya sassauta. Shi ya sa ajiyar zuciya takan kawo sauƙi.

Bari mu gwada tare yanzu. Ka zauna, ka sa tafin hannu a kan cikinka. Ka ja iska ta hanci kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, har ka ji ciki ya ɗaga hannun. Ka sake ta sannu sannu kana ƙirga ɗaya zuwa shida. Kada ka yi ƙoƙarin cika ƙirji da ƙarfi, jiri zai ɗebe ka. Tunani zai gudu, ya tafi kasuwa, ya tafi wurin wanda ya ɓata maka rai jiya. Ba laifi. Ka lura ya tafi, ka komo da shi kamar yadda makiyayi yake komo da akuya, ba tare da duka ba. Minti uku ya isa farawa. 'Yar'uwa, ke ma kina iya yin haka a bakin murhu kafin ruwan tuwo ya tafasa.

Na san wani zai ce, "Malam, wannan ba al'adar wani addini ba ce?" Tambaya ce mai kyau. Gaskiya ne mutanen Indiya da na wasu ƙasashen Asiya sun daɗe suna koyar da sarrafa numfashi. Amma ka buɗe Farawa 2:7 ka ga wanda ya hura wa mutum numfashin fari. Ka duba Yahaya sura 20: almajirai sun kulle ƙofa don tsoro, Yesu ya tsaya a tsakiyarsu, ya sa musu salama, ya hura musu numfashi. A Ibrananci ma kalma ɗaya ce take nufin iska, da numfashi, da ruhu. Masu bi da suka keɓe kansu a Dutsen Atos na ƙasar Girka, tun ƙarni na 14 an san su da haɗa gajeriyar addu'a da numfashi: suna kiran sunan Yesu in sun ja iska, suna roƙon jinƙai in sun sake ta. A 1975 kuma wani likitan zuciya a Jami'ar Harvard ta Amurka, Herbert Benson, ya rubuta littafi yana nuna cewa maimaita kalma ɗaya ko gajeriyar addu'a cikin natsuwa yana rage saurin numfashi da bugun zuciya.

Sai dai a ji ni da kyau. Numfashi ba zai biya kuɗin haya ba. Abin da zai yi shi ne ya ba ka hankalin da za ka yi wa mai gidan magana da ladabi, ka kuma yi addu'ar da kai kanka kake jin abin da kake faɗa. Mai hawan jini kada ya ajiye maganinsa. In ƙirji yana ciwo, ko numfashi yana sarƙewa, ko damuwa ta hana ka barci da cin abinci har makonni, ka tafi asibiti, ka kuma gaya wa wani dattijo a ikilisiya.

Daren yau, kafin ka amsa wa kowa magana mai zafi, ka ja numfashin nan sau biyar. Ubangiji ya ba mu kwana lafiya. Sai mako mai zuwa, in ya yarda.