Jawabi Kan Dishewar Murya Ga Yaranmu

 

Ni ɗan kasuwa ne, ba likita ba. Abin da ya faru a gidana ne ya sa na nemi wannan dama. Jikana ɗan shekara 8 muryarsa ta dishe wajen wata 3. Muka ce sanyi ne, aka yi ta ba shi shayi da citta. Daga baya aka ce a kira wanzami ya cire masa belu. Allah ya sa muka fara kai shi asibitin koyarwa na UCH nan Ibadan, sashen kunne, hanci da maƙogwaro.

Ga abin da na koyo. Murya ba daga belu take fitowa ba. A cikin maƙogwaro akwai wasu tantani guda 2 da ke kaɗawa idan iska ta bi ta tsakaninsu. Yaron da ke yawan ihu, tantanin nan suna gugar juna har su yi kanta, kamar hannun ɗan dako. Wannan shi ya fi kawo dishewa mai daɗewa ga yara. To ku duba namu: da safe talla a tasha, da yamma karatu da ƙarfi a makarantar allo, ga hayaƙin itace da na janareta, ga ƙurar hunturu.

Jikana ba a yi masa aiki ba. Cewa aka yi ya rage ihu, ya riƙa shan ruwa sosai, ya daina yawan gyaran murya, kuma kada ya koma yin raɗa, domin ita ma tana wahalar da maƙogwaro. Alhamdu lillahi, a hankali muryarsa ta dawo.

Jama'a, dishewar mura takan wuce cikin mako 1 zuwa 2. In ta haura mako 3, a je asibiti, don akwai wasu 'yan tsiro da kan fito a wurin har su toshe numfashi. Amma in yaro yana numfashi da ƙyar ko da ƙara, ko ya kasa haɗiyar miyau, ko muryarsa ta canza nan take yana cikin cin gyaɗa, to ba a kwana da shi a gida. Haka in ga zazzaɓi ga kumburin wuya. Kun dai tuna yadda mashaƙo ya kashe yara a Kano a 2023, alhali yana da rigakafi.

Ina roƙon malamanmu su sassauta wa yara wajen ɗaga murya. Iyaye kuma mu bar gaggawar cire belu, don yakan jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Jariri kuwa da bai kai shekara 1 ba, ba a ba shi zuma.

Yaran nan amana ce a hannunmu. Allah ya ba mu ikon riƙewa.