Duba Lafiyar Ɗalibai A Makarantunmu: Jawabi A Taron Malamai Da Iyaye A Gangara

 

A shekarar 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da tsarin kula da lafiyar ɗalibai, wanda ya tanadi a duba lafiyar yaro yayin shigarsa makaranta, a kuma riƙa maimaitawa. To, amma mu tambayi kanmu: almajirai nawa ne a makarantun allo da na Islamiyya na nan Gangara ma'aikacin lafiya ya taɓa duba idanunsu ko fatar kansu?

Mu ɗauki tsargiya. A ƙasar Jibiya yaranmu ba sa rabuwa da ruwan kududdufai da na fadamun noman rani. Ƙwayar wannan cuta tana rayuwa a jikin dodon koɗi, daga nan ta fito ta ratsa fatar mai wanka, ta je ta zauna a jijiyoyin mafitsara. Sai yaro ya fara fitsarin jini. Abin takaici, har yanzu akwai masu ɗaukar wannan jini alamar balaga ce, alhali kuwa ciwo ne mai rage jini, mai dakushe fahimta, wanda idan ya daɗe yakan lalata mafitsara da ƙoda. Malami ya ga yaro yana gyangyaɗi a kan allonsa, ya ɗauki bulala. Maganin, wato praziquantel, kyauta ake rabawa a makarantu, ana auna tsawon yaro da sanda a ba shi gwargwado. Sai dai makarantar da ba ta cikin rajista, sau da yawa masu rabon wuce ta suke yi.

Ga kuma sanƙarau. Dattawan cikinmu ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kashe dubban mutane a Arewa, kuma ta sake ɓulla a 2017 har da Jihar Katsina. Mu da muke bakin iyaka, kullum ana shige da fice tsakaninmu da Maraɗi, ɗakin kwanan almajirai mai cunkoso a lokacin zafi hatsari ne babba.

Saboda haka muna kira ga kowane shugaban makaranta ya rubuta sunayen ɗalibansa da shekarunsu, ya kai ofishin lafiya na Ƙaramar Hukumar Jibiya, ya nemi a turo ma'aikaci sau ɗaya kowane zango. Wanda aka samu da makero ko ƙazuwa, a ware masa tabarma da aska har ya warke.