Abin da Mai Rubuta Manhaja Ke Koya a Ƙungiyar Ɗalibai Masu Ƙera Wasan Bidiyo



A aji, ɗalibin kwamfuta shi kaɗai ne da na'urarsa: malami ya ba da aiki, ya rubuta, a duba, a ba shi maki. A ƙungiyar masu ƙera wasa kuwa akwai mai zane, da mai sauti, da mai tsara matakan wasan, kuma aikin kowannensu ba ya motsi sai ya bi ta hannun mai rubuta manhaja. Abin da takardar nan ke son tabbatarwa shi ne, wannan dogaro da ake yi da shi ne yake mayar da ɗalibi ma'aikaci.

A shekarar 2005, wasu ɗaliban makarantar DigiPen da ke Redmond a Amurka suka fitar da wani ɗan wasa mai suna Narbacular Drop a matsayin aikinsu na kammala karatu. Dabara guda ce tak a cikinsa: ka buɗe ƙofofi biyu a jikin bango, ka shiga ta ɗaya, ka fito ta ɗayar. Gimbiyar da ake wasan da ita ko tsalle ba ta iya yi. Da suka nuna shi a kamfanin Valve, shugaban kamfanin, Gabe Newell, ya ɗauke su aiki, cikinsu har da Kim Swift, kuma daga dabarar nan aka haifi wasan Portal a 2007. Ɗaliban nan sun zaɓi abin da za su iya gamawa, suka gama shi. Daidai ruwa daidai tsaki. Ƙungiyoyin ɗalibai da dama a nan suke faɗuwa, domin sukan ɗauko wasan da ya fi ƙarfin zangon karatu guda.

Mu duba tsalle. Sabon hannu yakan binne tsawon tsallen ɗan wasa a cikin rubutunsa. Mai tsara matakai ya zo ya ce a ƙara, ya ƙara. An jima ya dawo ya ce ya yi yawa. Kafin yamma an ɓata wa juna rai. Wanda ya goge yakan fito da wannan adadi fili a cikin injin wasan, Unity ne ko Godot, yadda abokin aikinsa zai murɗa da kansa har ya ji ya yi masa. Aikin minti kaɗan ne, amma a ganina duk wanda ya fara tunanin haka ya kama hanyar sana'ar.

Sai Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, inda kowa ke zuba aikinsa. Idan mutum biyu suka taɓa layi ɗaya a fayil ɗaya, sai an zauna an warware. Wanda kuma ya tura rubutun da ya hana wasan tashi ya tsayar da kowa, mai zane ma ba zai ga zanensa ba. Don haka ake gwadawa kafin a tura, a kuma rubuta abin da aka canza da kalmomin da wani zai gane.

Na'ura ma tana da nata sharaɗi. Wasan da ke nuna hoto 60 a sakan guda yana da kusan milisakan 16 ne kacal ya gama lissafin kowane hoto. Ka wuce haka, hoto ya riƙa sarƙewa, mai wasa ya ajiye.

Duk wannan ba ya bukatar dukiya mai yawa. Godot kyauta ne, kuma ƙaramar kwamfuta tana ɗaukarsa. Taron ƙera wasa na Global Game Jam, da aka fara a 2009, sa'o'i 48 yake ba ƙungiya ta gama wasa. Ina roƙon shugabannin sassan kwamfuta na jami'o'inmu da su yarda ɗalibai huɗu ko biyar su haɗa aikin kammala karatu ɗaya, a gayyato ɗaliban zane su shiga, ranar kare aikin kuma a miƙa wa malaman wasan su buga da hannunsu.