Jawabi: Ƙwaro ya kashe daji, ruwan dutse ya sake lokaci



Jawabin yau a kan itace ne da ruwa. Labarin ya faru a ƙasar Amurka da ƙasar Kanada, inda akwai manyan duwatsu da ake kira Roki.

A can, lokacin ɗari, ruwa ba ya sauka kamar na damana. Ƙanƙara ce take zuba, fara fat, mai laushi kamar kaɗa. Tana taruwa a kan duwatsu wata da watanni. Idan zafi ya shigo, sai ta narke sannu sannu, ta gangara cikin ƙoramu, ta cika gulbi. Ke nan dutse shi ne rumbun ruwansu. Gulbin Kolorado, wanda ya fito daga waɗannan duwatsu, yana shayar da mutane kusan miliyan 40.

Duwatsun suna rufe da dogayen itatuwa masu ganye siriri kamar allura. Inuwarsu ce take hana ƙanƙara narkewa da wuri.

To, akwai wani ƙwaro baƙi, girmansa kamar ƙwayar shinkafa. Yana huda ɓawon itace, ya shiga, ya yi ƙwai. Ƴaƴansa suna cin abin da ke ƙarƙashin ɓawo. Kuma yana shigowa da wata irin funfuna mai toshe hanyar ruwa cikin itace. Bayan shekara guda ganye ya yi ja. Daga baya ya zube, itace ya tsaya tsirara.

Ƙwaron nan ba baƙo ba ne a dajin. A da, ɗari mai tsanani yana kashe mafi yawan ƴaƴansa. Itace mai lafiya kuma yana fitar da ƙaro, ya turo shi waje. Amma ɗari ya ragu, fari ya raunana itatuwa, sai ƙwaro ya samu sarari. Daga 1996 zuwa 2013 ya ɓata daji fiye da hekta miliyan 1 a jihar Kolorado. A yammacin Kanada ya ɓata fiye da hekta miliyan 18.

Mutane suka ce: tun da itatuwa sun mutu, ba su shan ruwa, lalle gulbi zai ƙaru ƙwarai. Masana suka yi ta awo. Abin da suka gani ya ba su mamaki. A wurare da yawa ruwan gulbi bai ƙaru sosai ba. Ƙananan itatuwa da suka tsira sun samu rana, sun yi girma da sauri, sun sha ruwan. Rana da iska kuma sun shiga daji, sun busar da wani kashi.

Abin da ya sake shi ne lokaci. Inda inuwa ta tafi, ƙanƙara tana narkewa da wuri, wani wuri har da kamar mako guda. Manomi da ke can ƙasa yana bukatar ruwa a tsakiyar zafi, lokacin da shuka take jin ƙishi. Ruwan da ya wuce tun da wuri ba ya komowa.

A Nijar babu ƙanƙarar dutse, kuma abin da ya fi kashe itace gatari ne da fari. Amma mutanen Adar sun san wannan magana. Dutsen da ya rasa itace ba ya riƙe ruwa. Ana yin ruwa sai ƙorama ta taso da ƙarfi, ta ci gona, ta wuce. Shi ya sa tun 1984 mata da maza na Keita suka haƙa ramuka a gangaren duwatsu, suka dasa itatuwa, don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa.

Saboda haka, duk wanda ya ga itatuwa suna bushewa babu dalili, ko ya ga huda da gari a jikin ɓawo, ya gaya wa ma'aikacin gandun daji da wuri. Mai garka a kwari, shi ma ya riƙa duba itatuwan da ke kan tudu, domin daga can ruwan rijiyarsa yake zuwa.

Allah ya kawo damana mai albarka. Amin.