Makullin mangaza yana hannun wa? Jawabi ga malaman cibiyoyin koyon sana'a na Konni, Malbaza da Illela



Iyayenmu da ke zaune a gaba, shugabannin cibiyoyi, ƴan'uwana malamai maza da mata, barkanku da zuwa. Waɗanda sunka taso tun da asuba daga Tajaye da Badagishiri, sannunku da hanya. Na Dogerawa, na Tsarnawa, na Bazaga da Allela, mun ga ƙoƙarinku. An ce in ba da labarin ma'aikata, in faɗi abin da ke gabanmu wannan shekarar karatu, in kuma ƙara da ɗan abin da ya kamata mu gyara wurin aiki. Da Hausa zan yi. Tun watan Maris na 2025 aka rubuta a dokar ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci kuwa na aiki ne. To mu a atalye ba mu jira doka ba, don ban taɓa ganin yaron da ya koyi riƙon zarto da nahawun Faransanci ba.

Bari in fara da ta'aziyya. Cikin hutun damina mun rasa ɗan'uwanmu malamin kafinta, wanda da yawanku kun san shi, ya bar mata da ɗiya ƙanana. Allah shi jiƙan shi, shi sa ya huta. Abin da anka tara a asusunmu an kai wa iyalinshi, kuma wanda bai zuba nashi ba har yanzu ƙofa buɗe take, ya ga mai riƙon asusu bayan an tashi. Sai kuma farin ciki: uwarmu, malamar ɗinki da ta fara koyarwa da keke guda ƙarƙashin rumfar zana, ta kai lokacin ritaya. Hajiya, duk telar mata da ke da shago a unguwarku, in ba ɗalibarki ba ce to ɗalibar ɗalibarki ce. Allah shi saka da alheri. Mun kuma samu sabbin malamai ƴan kontiragi, mafi yawa matasa ne da sunka fito daga makarantun fasaha. Ku miƙe a gan ku. Madalla, ku zauna. Akwai waɗanda anka canza wa wurin aiki, wasu daga nan zuwa can, wasu daga can zuwa nan, takardun suna manne a allon sanarwa.

Wanga canjin wurin aiki shi ne ya kawo ni ga maganar da na fi so mu daɗe a kanta.

Idan anka ɗauke malamin lissafi daga kwaleji, abin da yake tafiya da shi littafinshi ne da allinshi. Idan anka ɗauke malamin walda ko na lantarki daga cibiyarmu, yakan tafi da sanin abin da ke cikin mangaza, wane inji ke aiki, wanne ya mutu, wa anka ara wa na'urar huda ƙarfe, wane mai gareji ke karɓar ɗiyanmu. Wani lokaci har makullin ma yana aljihunshi. Sabon malami ya zo, ya tarar da ƙofa rufe da kwaɗo, ya yi wata biyu yana zana injin walda a allo, yara suna kwafa a kaye.

Na taɓa aiki a wata cibiya, ba zan faɗi sunanta ba, inda wani shiri na masu ba da tallafi ya kawo kekunan ɗinki sababbi ful da akwatunan kayan aikin makanike. An yi biki, an ɗauki hoto, an sha lemo. Shekara ta zagayo kayan suna cikin kwalayensu. Da na tambayi shugaban, sai ya ce mini, malam, ni anka sa wa hannu a takarda, in sukudireba ɗaya ta ɓata ni za a tambaya. Kun gani? Mutumin ba ɓarawo ba ne, tsoro ne ya kama shi. Amma ga yarinyar da ta zo koyon ɗinki, da a sace keken da a kulle shi duk ɗaya ne, ba ta taka shi ba. Ranar da anka buɗe, gara ta ci kwalayen, ɓeraye sun ci bel ɗin kekuna uku.

Maganin wanga tsoro takarda ce, kuma ba ta da tsada. Kowace atalye ta samu rajista guda, a rubuta duk abin da ke ciki, daga babban inji har ƙaramar filaya, da halin da yake ciki: yana aiki, yana son gyara, ya mutu. Mutum uku su sa hannu, shugaban cibiya, malamin atalye, da wakilin kwamitin iyaye. Ranar da malami zai tafi, a ƙirga a gabanshi da gaban wanda zai gaje shi, kafin ya hau mota, ba bayan ya kai Tawa a riƙa bin shi da waya ba. Kayan hannu kuwa a yi musu allo a bango, a zana siffar kowanne da fenti, guduma wurin guduma, sifana wurin sifana. Minti goma kafin a tashi, ɗalibin da ke da aikin ranar ya duba allon. Duk gurbin da ya rage fili, ba mai fita sai an gano. Abin da ya lalace a hannun yaro yana koyo, a rubuta ya lalace wurin koyo, kada a ci shi tara. Don lalacewar nan aka sayo shi.

Wani zai ce malam ya cika tsanani a kan sifana. To mu tuna su wane ne ke zuwa wurinmu. CFM ba ta samun ɗan da ya ci jarrabawa da lamba mai kyau. Muna samun wanda anka kora daga aji shida, wanda bai taɓa shiga lakkwal ba, almajirin da ya sauke, yarinyar da anka ce ta zauna gida ta jira miji. Ko na CET da ke neman CAP, da yawa iyayensu sun kawo su ne don babu wani wuri. Kuma kowa a ɗakin nan ya san jihar Tawa da tafiya bida. Kakanninmu sun yi Abijan da Kumasi, iyayenmu sun yi Ikko, na yanzu suna yin Libiya da Aljeriya da wuraren haƙar zinariya na Jado da Cibarakaten. Yaro ɗan shekara goma sha biyar yana da abokin da ya dawo da babur da babbar waya. Mu abin da muke da shi na riƙe shi, shi ne ya taɓa inji da hannunshi tun makon farko, ya ga ya haɗa ƙarfe biyu sun kama. In ya yi wata biyu yana kwafar zane, wallahi ba za ku gan shi ba bayan girbi.

Abin takaici shi ne aikin yana nan kusa da mu. Masana'antar siminti ta Malbaza tun shekarun 1960 take, kuma manyan motocin da ke ɗaukar siminti suna son mai gyaran birki, mai faci, mai lantarkin mota. A Malbazar dai aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana a 2018, mai megawat 7. Kun tuna watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke mana wuta bayan takunkumin CEDEAO, anka rufe iyaka tsakanin Konni da Illelar Najeriya har zuwa Maris na 2024? Duk mai ɗan hali ya nemi fanno da batir. Wa ya ɗaura musu? Da yawa waɗanda sunka koya da ka ne, ga waya siririya inda ake son mai kauri, ga batir ba ragilata, wata shida ya mutu. Ga fadamar noman rani ta Konni da ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango, ga lambunan albasar Galmi, inda injin ban ruwa in ya tsaya kwana uku a tsakiyar rani, manomi ya yi asarar shekara. Mai gyaran injin nan da zai je har lambu da akwatin kayanshi a bayan babur ba zai kwana da yunwa ba.

Saboda haka batun istaj, kada mu bar shi sai ƙarshen shekara muna rabon takarda kamar sadaka. Kowane malami ya je da ƙafarshi wurin masu gareji, masu walda da telolin garinshi tun wannan wata. A gaida su da girma, su ma malamai ne, wasu sun fi mu sanin aikin. A yi magana a fili: yaron zai zo ranar kaza da kaza, ba ɗan aike ba ne, ba mai sayo shayi ba ne, kuma zan riƙa leƙowa. Ku leƙa ɗin. Ga ɗiya mata, a nemi yardar iyaye da baki, a san inda za ta da lokacin da za ta koma gida. Kuma in yarinya ta ce lantarki take so ko gyaran waya, kada mu tura ta ɗinki don mu huta. Shugabannin cibiyoyi, ku bi sanarwar FAFPA, asusun da ke tallafa wa koyon sana'a. Sau da yawa kira yana fitowa ya wuce ba mu aika takarda ba.

Bukukuwan bana ba su da yawa. Muna so kowace cibiya ta yi ranar buɗe ƙofa sau ɗaya, kuma shawarata a yi ta ranar kasuwar garin, a fito da gadaje, ƙofofi, murhu, riguna, a sa kuɗi a kansu a sayar. Abin da anka samu a rubuta, a sayo bagiti da zare da katako. A gayyaci kantoman kumin, tunda tun 2024 su ke riƙe da kumin-kumin, a nuna mishi rufin da ke yoyo da idonshi. Ranar 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, ɗalibanmu mata su yi nasu baje koli. Su ɗinka kayan bikin da kansu maimakon a kai wa tela a gari.

Sai lafiyar jiki, kuma nan sabbin malamai ku buɗe kunne. Hasken walda yana ƙona ido, kuma zafin ba ya zuwa nan take, sai cikin dare yaro ya tashi yana jin kamar an zuba mishi rairayi. Tabarau baƙi na kasuwa ba ya tare wannan haske, sai gilashin walda na ainihi. In maski biyu gare ku, to yara biyu ke walda, sauran su juya baya ko su koma bayan labule. In abin ya faru a kai shi likita, kada a ɗiga mishi komi a ido. Injin gurza ƙarfe kada a cire mishi murfi don a yi sauri. Janareto ba ya kwana ba ya wuni cikin ɗaki rufe, hayaƙinshi yana kashewa ba wari ba gargaɗi. Babbar riga da mayafi mai jan ƙasa ba sa kusantar abin da ke juyawa. A nemi rigar aiki ko a ɗaure. Batir in ruwanshi ya ragu, ruwan batir tatacce ake ƙarawa, ba asid ba, ba na rijiya ba. Lokacin hunturu a riƙa wanke fanno da sassafe kafin ya yi zafi, ƙura tana cin wuta. Bagiti kuwa a ajiye shi inda ba laima. Duk raunin da anka ji a atalye, ko yankan yatsa ne, a rubuta ranar da sunan wanda ke tsaye.

Na san abin da ke ran ƴan kontiragi, kuna cewa malam ya yi ta lissafa mana aiki bai ce komi ba a kan pekil. Gaskiya ne kuɗin kaɗan ne, kuma in ya yi jinkiri mai gidan haya ba ya jira, mai shago ba ya jira. Wannan haƙƙinku ne, ku bi shi ta sandika, mu ma tsofaffi muna bayanku, kuma iyaye da ke nan ku ji, malamin da ke bin bashin hatsi ba ya koyarwa da natsuwa. Abin da nake roƙo guda ne. In za ka yi aikin gefe, ka yi shi bayan an tashi, da kayanka. Kada injin cibiya ya kwana a gidan wani, kada ɗalibai su zama leburorinka kyauta. In aikin gari ya zo ta hannun cibiya, a shigar da shi rajista, a raba a fili: kason kayan aiki, kason malami, da ɗan abin sabulu ga yaran da sunka yi. A ce jika goma ce, kowa ya san inda kowace jika ta nufa. Kuma ranar da ba za ka zo ba, ka faɗa tun jiya, ka bar makulli wurin abokin aikinka, don yarinyar da ta tako daga ƙauye kada ta tarar da kwaɗo.

Shugabanni, ku ma ga naku. Sabon malami in ya sauka, a nemo mishi masauki, a kai shi ya gaida mai gari da liman, a haɗa shi da tsohon malami guda da zai riƙa tambaya ba kunya. Kada ya ji labarin taro a bakin gardi.

Kafin mu watse, kowace cibiya ta ba mai rubutu sunan wanda makullin mangazarta ke hannunshi yau, da ranar da za a yi ƙirgar kaya. Muna so a gama ƙirgar kafin ƙarshen Nuwamba, a kawo kwafin rajistar taro na gaba. Wanda ba ya da rajista ya tsaya, akwai guda shida a nan da kwamitin iyaye ya saya.