Jawabi ga iyaye: ta ina mai koyon gina shafin intanet zai soma?



Matsalar da ta tara jama'a a nan sananniya ce daga Maraɗi har Tawa. Yaro ya samu bak, ko ya fito jami'a, gwamnati ba ta ɗauke shi aiki ba, sai ya ce zai koyi gina shafukan intanet. Uba ya ƙuƙuta ya saya masa kwamfuta, yana kuma biyan kuɗin intanet kowane wata. Bayan wata shida yaron na nan yana kallon darussa, bai gina komi ba, har ya soma cewa wannan aiki ba na irinsa ba ne.

Sau da yawa ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, hanyoyi ne suka yi masa yawa. Yau aboki ya ce React, gobe wani ya ce Python, jibi a ce duka sun tsufa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar.

Alhali kuwa tushen abin bai sake ba. Tun da Tim Berners-Lee ya tsara wannan fasaha a cibiyar CERN ta Janeba a 1989, da HTML ake rubuta shafi. JavaScript ya zo a 1995, CSS ya biyo a 1996. Idan aka kwatanta shafi da butiki, HTML shi ne hajar da sunayenta, CSS shi ne kanta da fenti da yadda aka jera kaya, JavaScript kuwa yaron butiki ne mai lissafi da amsa wa mai saye. A bisa wannan jeri ake koyonsu. React da ake ta zuzutawa, wanda Facebook ya fitar a 2013, da JavaScript aka gina shi. Wanda ya hau shi bai san tushen ba, kwafe kawai zai riƙa yi. Kuma HTML da CSS ba su buƙatar intanet kullum: ana rubuta su, a buɗe su a kwamfuta ko da layi ya yanke.

Darussan ma akwai na kyauta. Akwai freeCodeCamp da aka kafa a 2014, akwai MDN na Mozilla, wanda ke da sashen Faransanci. OpenClassrooms kuwa ya samo asali ne daga Site du Zéro, wanda Mathieu Nebra ya buɗe a Faransa a 1999 yana ɗan shekara 13, don ya rasa darasin HTML da ɗan koyo zai gane. Yaro ya zaɓi ɗaya ya bi shi har ƙarshe. Sai dai ya haɗa da ɗan Ingilishi, domin da shi na'ura ke faɗin kuskure.

Saura maganar ƙarfin zuciya, kuma nan iyaye suka fi tasiri. Yaron tela ba ya samun gaba gaɗi da kallon maigidansa. Yana samunsa ranar da ya ga wani sanye da wandon da ya ɗinka, ko da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Haka wannan sana'a take. A wata na biyu ya kamata ɗan koyo ya gina shafi guda na gaske: farashin buhun albasar Galmi na kawunsa, ko hotunan jakunkuna da takalman wani baduku na Damagaram, da lambar waya a ƙasa. GitHub Pages na ɗora irin wannan shafi kyauta. Zai fito a karkace, rubutu ya hau hoto, ya kwana biyu yana neman alama ɗaya da ya manta bai rufe ba. Wannan neman shi ne karatun. Ƙwararru ma haka suke yini, sun dai saba ne.

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, na'ura na iya rubuta wa yaro shafi cikin minti guda. Ya tambaye ta bayani, babu laifi. Amma ranar da shafin mai ciniki ya lalace, shi za a kira, kuma ba ya gyara abin da bai iya karantawa ba.

Bayan tushen ne hanya ke rabuwa. Mai son soma cin guminsa da wuri a kasuwar gida, inda makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyi da ƴan kasuwa ke neman shafi mai sauƙi, ya fi dacewa ya bi WordPress da PHP. Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kan WordPress suke. Mai hangen aiki da kamfanonin waje ya zurfafa a JavaScript, sannan React, ya kuma shirya wa doguwar tafiya.

Idan kuma wata cibiya ta nemi jika ɗari ko fiye don horo, kafin uba ya kwance bakin jaka, ya nemi a buɗe masa, a wayarsa shi kansa, shafuka uku da tsofaffin ɗaliban wurin suka gina, a kuma faɗa masa inda masu su suke aiki yanzu.